Kififiyar Gagare da Bunsuru: Wani Aiki da Ke Jiran Sashen Hausa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Gulbin Gagare a Ƙauran Namoda cikin watan Agusta, sa'an nan ya sake komawa wurin cikin watan Afrilu, zai yi tsammanin wurare biyu dabam ya gani. Da damina ruwa ne ja mai ƙarfi, yana tafe da kara da kututture, ya cika gaɓa ya malala cikin fadamu. Da bazara kuwa rairayi ne shimfiɗe, yara na wasa a kansa, mata na tonon ruwa a tsakiyarsa, sai 'yan gurabu nan da can waɗanda rana ba ta ƙarasa shanyewa ba. Haka Gulbin Bunsuru yake a ƙasar Zurmi. Gulaben nan biyu arewa suke gangarawa, su haɗu a wajen ƙasar Shinkafi da Isa, Gulbin Maraɗi ya iske su a gaba, ruwan duka ya bi Gulbin Rima zuwa Goronyo da Sakkwato.

A cikin wannan ruwa mai zuwa yana komawa akwai kififiya, wadda wasu ke kira kunkurun ruwa. Ɗalibin Hausa ya san kunkuru sarai, amma a tatsuniya da karin magana ya san shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa akwai wani bincike na kimiyya da ake yi a duniya a kan irin wannan dabba, kuma binciken nan ba zai yi ma'ana a arewacin Zamfara ba sai da wani ilmi wanda yake a bakin masunta da manoman fadama, wanda kuma babu sashen da ya fi cancantar tattara shi kamar Sashen Hausa.

Binciken da ake magana shi ne nazarin gado bisa shimfiɗar ƙasa. A shekarar 2003 ne wata masaniya 'yar Faransa, Stéphanie Manel, da abokan aikinta uku suka raɗa wa fannin suna a wata mujallar kimiyya, ko da yake saiwarsa ta girmi haka, domin tun 1943 Sewall Wright na Amurka ya bayyana yadda nisa kaɗai kan sa dangi su bambanta. Abin da fannin ya ginu a kai ba mai wuyar ganewa ba ne. Kowace dabba tana ɗauke da alamomin gado a jikinta, cikin sinadarin da ake kira DNA, rabi daga uwa rabi daga uba. Idan kififiyar wani tafki tana cuɗanya da ta wani tafkin, suna barbara suna hayayyafa, alamominsu za su yi kama. Idan kuwa wani abu ya gitta tsakaninsu, ko tudu ne ko dam ko hanyar mota, da tafiya ta yi tafiya sai alamomin su fara rabuwa, kowane tafki ya koma auren gida.

Mai nazarin harshe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, don kuwa shi ne abin da yake karantawa a darasin karin harshe. Bazamfare da Bakano sun bambanta a lafazi saboda nisa da ƙarancin cuɗanya, garuruwan da ke cin kasuwa ɗaya kuwa maganarsu takan yi kusa. Ƙauran Namoda ma misali ce: tun da layin dogo ya iso ta a 1929 ta zama matattarar baƙi daga Zariya da Kano da kudu, kowa ya zo da bakinsa. Abin da kasuwa da layin dogo suke yi wa kalmomi, shi gulbi da fadama suke yi wa alamomin gado.

Yadda ake aikin shi ne, a kama dabbar, a ɗebi ɗan jini ko a yanki 'yar fata kaɗan, a rubuta daidai wurin da aka kama ta, a sake ta. Idan aka yi haka a wurare da yawa sai a kai samfuran ɗakin gwaji, a auna kusancin dangantaka tsakanin kowane wuri da ɗan'uwansa, sa'an nan a ɗora sakamakon a kan taswira. A 2006 wani Ba'amurke, Brad McRae, ya kawo dabarar ɗaukar ƙasa tamkar wayoyin lantarki: inda tafiya ke da sauƙi ga dabba wuta na wucewa sosai, inda ke da wuya tana raguwa. Amfanin duk wannan ga mai son kare dabba a fili yake. Zai san wace hanya ce in ta toshe dangi sun rabu, wane tafki ne uwa mai ciyar da sauran, wane ne kuma ya riga ya zama kurkuku.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Kwamfuta ba ta san fadama ba. Mai bincike ne zai gaya mata cewa fadama hanya ce mai sauƙi, jigawa mai wuya, kwalta kuwa mahallaka. Kuma taswirar da zai ba ta, galibi daga hotunan tauraron ɗan Adam take fitowa, waɗanda irinsu na farar hula ba su fara samuwa ba sai 1972 da aka harba Landsat na farko. Hoto rana guda yake ɗauka. Wata ƙoramar da ke sada tafki da gulbi ba ta wuce kwana goma ko sati biyu tana gudu a shekara, kuma a tsakiyar damina take yin haka, lokacin da hadari ya rufe sama. Ga dabbar da ke jiran wannan 'yar dama ta ƙetara, waɗannan kwanaki su ne hanyar gaba ɗaya. Hoton ba zai nuna su ba, amma mutumin da gonarsa ta shinkafa ke bakin ƙoramar ya san su shekara da shekaru.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma, kuma ta shafi kififiya fiye da yawancin dabbobi. Dabba ce mai tsawon rai da jinkirin balaga. Justin Congdon da abokan aikinsa, bayan dogon nazari a kan wata kififiya ta jihar Mishigan a Amurka, sun bayyana a 1993 cewa matanta ba su fara ƙwai sai sun kai shekara 14 zuwa 20, kuma tsawon zuriya guda a cikinsu ya haura shekara 30. Ko da an ɗauka cewa ta ƙasar zafi ta fi wannan sauri ninki biyu, lissafin bai canja sosai ba. Alamomin gado ba da shekara suke sauyawa ba, da zuriya suke sauyawa. Dam ɗin Zobe da ke kan Karaduwa, a saman Bunsuru cikin ƙasar Dutsin-ma, an kammala shi a 1983. Na Goronyo da ke ƙasan gulaben duka an kammala shi a 1984. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan, watau zuriya biyu ko uku ta kififiya, ko huɗu in an yi yawa. Ba abin mamaki ba ne a kama wata tsohuwa a yau wadda ta ƙyanƙyashe kafin a kafa harsashin ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da wannan ke nufi shi ne, jinin kififiyar da za a ɗiba bana labarin ƙasar jiya zai bayar. Mai bincike na iya auna ta Zurmi da ta Shinkafi ya ga dangantakarsu ƙut da ƙut, ya rubuta cewa hanya a buɗe take, alhali an yi shekara talatin ko ɗaya ba ta ƙetara ba. Masana fannin da kansu sun san wannan tarko, suna kiransa jinkirin bayyanar alama, kuma maganinsa guda ne: a san yadda ƙasar take a da, a san lokacin da kowane abu ya sauya. Inda ake da tsofaffin taswirori da rajistar ruwa ta shekaru ɗari, sai a buɗe kundi. A ƙasar Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, babban kundin yana cikin kawunan dattawa, kuma da Hausa aka rubuta shi.

Sai a tambaya, shin dabbar ta kai a yi mata wannan wahala? Masana sun ƙiyasta a 2020 cewa fiye da rabin nau'o'in kunkuru da kififiya na duniya, waɗanda yawansu ya kai wajen 360, suna fuskantar barazanar ƙarewa. A taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Afirka ta Kudu a 2016 an sanya kififiyoyin Afirka masu taushin baya cikin jerin dabbobin da ba a fataucinsu tsakanin ƙasashe sai da izini. Cikinsu akwai Cyclanorbis senegalensis, wadda yankinta ya ratsa ƙasashen Sahel har da arewacin Nijeriya, da 'yar'uwarta babba, Cyclanorbis elegans, wadda a da aka san ta tun daga Afirka ta Yamma har Sudan, ta ɓace wa masana shekaru masu yawa, sai a 2017 aka sake cin karo da ita a Kogin Nilu cikin Sudan ta Kudu. Abin lura, ta hannun masunta aka gano ta, bayan an bi su ƙauye ƙauye ana tambaya.

Akwai kuma ƙaramar nan mai taurin baya wadda ke zama a tafki da kududdufi, ta binne kanta cikin laka idan ruwa ya ƙafe, ta fito da ruwan farko ta kama tafiya a tudu. An daɗe ana ɗaukarta nau'i guda a Afirka duka, da sunan Pelomedusa subrufa. Da aka auna alamomin gadonta sai aka ga ashe ba haka ba ne, har a 2014 wasu masana, akasarinsu daga Jamus, suka raba ta nau'i goma, ta yankin Nijeriya da Nijar da Sanagal ta sami nata suna, Pelomedusa olivacea. Abin da ake ganin yana ko'ina, don haka ba a damu da shi ba, sai ga shi kowane yanki da nasa, wanda in ya ƙare ba a samo madadinsa a wani wuri. Kuma waɗannan biyu, mai taushin baya da mai taurin baya, ba hanya ɗaya suke bi ba. Ta farko ta fi dogara ga gulbi da manyan tafkuna, ta biyu kuwa jerin ƙananan kududdufai ne gadarta. Abin da ya tsare ɗaya ba lalle ya tsare ɗayar ba.

Abubuwan da ke sauya musu ƙasa kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Dam yana rage ambaliyar da ke cika fadamu. W. M. Adams ya nuna haka a 1985 game da Bakolori, wanda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato: ambaliya ta ragu a ƙasansa, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Tun farkon shekarun 1990 da shirin fadama ya yaɗa injin ban ruwa, gurbin da a da kan kai damina da ruwansa ana iya zuƙe shi cikin 'yan kwanaki. Motocin ɗiban yashi suna kwashe gaɓar da ake binne ƙwai. Mamari da taru ba su tambayar ko kifi ne ko kififiya, balle mai zuba guba a ruwa. Darasin binciken Congdon kuwa shi ne, dabba mai jinkirin balaga tana iya jure asarar ƙwai, amma ba ta jure asarar manya. Ba a ce a hana manomi ban ruwa ba, kuma wannan maƙala ba ta ce haka ba. Sai dai in an san gurabu uku ko huɗu da su ne mafakar rani a tsawon gulbi, ana iya roƙon a bar musu ruwa ko da kamu ɗaya ne, abin da ba za a iya roƙa wa gulbi duka ba.

Yanzu sai a dawo gida. An yi wa tarihin Zamfara hidima gwargwado. Kurt Krieger ya buga tarihinta da Jamusanci a 1959, Garba Nadama ya rubuta kundin digirinsa na uku a kanta a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, kuma dukansu sun sha daga bakin dattawa. Amma tarihin sarauta da yaƙi aka fi bi: wa ya gaji wa, yaushe Birnin Zamfara ya faɗi, yaya Alibawa suka kafu a Zurmi da Ƙaura. Tarihin ruwa bai sami wannan gata ba. A sassan Hausa kuma, kundayen kammala digiri a kan sana'ar su sukan tsaya ga jera kayan aiki, koma da homa da birgi da gora, a kawo kirarin Sarkin Ruwa da 'yan tsafe-tsafe, a rufe. Ba laifi ba ne, amma an bar nama an kama romo. Mutumin da ya iya lissafa sunayen kayan nan, shi ne kuma ya san sunan kowane gurbi daga garinsu har mahaɗar gulabe, ya san wanda ba ya ƙafewa, ya san inda kififiya ke hawa yin ƙwai da watan da take hawa. Ba a tambaye shi ba ne kawai.

Tambayar kuwa sana'a ce, kuma ita ake koyarwa a wannan sashe. Masanin dabbobi da ya zo da takardar tambayoyi da aka fassara daga Turanci zai ce, “Akwai kunkuru a nan?” a ce masa akwai, ya rubuta, alhali shi na ruwa yake nufi, mai amsa kuwa na tudu. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya raba kunkuru da kififiya, amma bakin mutane ba kullum yake bin ƙamus ba, kuma abin da kalma ke nufi a Kano ba dole ne shi take nufi a Shinkafi ba. Haka kalmomin ruwa. Gulbi da ƙorama da rafi da tafki da gurbi da kududdufi da fadama, kowace tana ɗauke da bayanin zurfi da daɗewar ruwa da yadda yake gudu, bayanin da kwamfutar McRae ke nema ido rufe. Wanda zai rubuta su wajibi ne ya rubuta yadda ya ji, in an ce hwadama ya sa hwadama, kada ya gyara wa dattijo baki da sunan daidaitacciyar Hausa, domin sunan wuri in aka gyara shi ya zama na wani wurin.

Sa'an nan ga sha'anin lokaci. Dattijo ba zai ce ƙorama kaza ta daina kaiwa tafki a 1974 ba. Zai ce bayan canjin kuɗi ne da shekara ɗaya, ko kuwa ana canjin hannu ɗansa na fari na goye. Ɗalibin da ya san an koma tuƙi a dama a 1972, naira ta shigo a 1973, an yi fari mai tsanani a 1973 da 1984, Goronyo ya yi ambaliya a 2010, zai iya mayar da wannan magana ta zama shekara. In ya ji ta daga bakin mutum uku a ƙauyuka uku waɗanda ba su haɗa baki ba, ta zama hujja. Lalle tunanin ɗan Adam yana da rauni, kuma kowane tsoho ruwan ƙuruciyarsa ya fi na yau yawa. Amma tace ruwaya da gwama ta da wata ba sabon abu ba ne ga wanda ya karanci adabin baka, balle a ƙasar da ilmin isnadi ya daɗe da zama.

Akwai mai cewa, ana ga yaƙi wa ke ta ƙura? Ƙasar da ake magana a kanta ta fi shekara goma tana fama da 'yan bindiga. An kashe mutane, an sace wasu, ƙauyuka sun watse, har a watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a jihar na wani lokaci, abin da ya taɓa manyan kasuwanni irin ta Alhamis a Shinkafi. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya fifita ran kififiya a kan na mutum ya yi hasara. Sai dai a duba da kyau, wannan halin shi ne ya sa aikin ya zama na gaggawa. Ɗiban jini na iya jira, tun da an ga cewa alamomin gado ba su saurin gogewa. Wanda ya zo bayan shekara goma zai tarar da kusan abin da ke nan yau. Dattijon da aka raba da gulbinsa yana zaune a gidan wani a Gusau ko cikin garin Ƙaura, shi ne ba zai jira ba, kuma jikansa da ya tashi a birni bai san sunan gurbi ko ɗaya ba. Ba a bukatar ɗalibi ya shiga Dajin Dumburum. Mutanen dajin da na bakin gulbi sun riga sun fito, suna nan inda mota ke zuwa. Ranar da za a koma gida kuma, bayanin wane gurbi ne na wane gari, wa ke buɗe shi, yaushe ake hana su a cikinsa, mutane zai fara amfana kafin kififiya.

Hattara guda biyu. Ta farko, taswirar da ta nuna inda dabba mai tsada ke ƙwai, jagora ce ga mai kare ta, jagora ce kuma ga mai fataucinta. Bai kamata a buga irin wannan bayani filla-filla a kundin da kowa zai ɗauka ba. Ta biyu, ilmin nan yana da masu shi. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa a nemi yardar al'umma kafin a yi amfani da saninsu na gargajiya game da albarkatun gado, a kuma raba amfanin da su. Ko babu wata yarjejeniya, mutunci ya hana a kwashi maganar mutum a sa a takarda da Turanci, sunan wani a sama, shi ko labari bai ji ba.

Abin da ake nema daga sashe bai fi ƙarfinsa ba. Cikin ɗaliban da ke neman batun kundi kowace shekara ba a rasa 'yan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da Birnin Magaji, masu jin karin harshen wurin, waɗanda za a buɗe wa ƙofa a karɓe su a matsayin 'ya'ya. A ba mutum uku ko huɗu yanki yanki na Gagare da Bunsuru, a haɗa su da wani malami daga sashen nazarin halittu ko na labarin ƙasa, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wanda zai nuna musu hotunan nau'o'in da yadda ake sa alama a taswira. Su ɗauki murya, su rubuta ta yadda aka faɗe ta, su jera sunayen ruwaye bi da bi daga sama zuwa ƙasa, kowane da shekarar da aka ce ya sauya da sunan abin da ya sauya shi. Kwafi ɗaya ya zauna a ɗakin karatu na sashe, ɗaya a miƙa wa Sarkin Ruwan da aka yi aikin a ƙasarsa.